Ranar da Na Ƙi a Rufe Mini Fuska

Na binne mutum da hannuna a hamada, bayan haka na faɗa a gaban kamera. Ba zan manta da wannan ba har in bar duniya.

Masu kaki ne suka zubar da mu a bakin iyakar arewa, suka nuna kudu da yatsa, suka juya motarsu. Wanda muka jera da shi ɗan Sudan ne, tela, yaƙi ya koro shi. Yana da tabon ƙuna a wuya. Da guntun Larabci muke magana. Ya ce matarsa na wani sansani a Cadi. Rana ta take, ya zauna, bai ƙara tashi ba. Na yi taimama, na sallace shi ni kaɗai, na tura masa rairayi.

Na iso Agadas, na kama aikin bulo. Nan masu sinima suka same ni. Shugabarsu wata mata ce daga Yamai. Ta ce suna son manyan duniya su ga yadda ake yi wa masu neman mafaka, a daina korar mutum kamar akuya. Ban ɗauka manya za su ji ba. Amma na zauna.

Ta miƙo mini rawani. "Yaya, rufe fuskarka. Muryar ma za mu canza ta, don tsaronka."

Na ce, "Madam, wa ke karɓar shaida daga bakin mutum marar fuska?"

"Za ka iya shiga matsala."

"Daga cikinta na fito."

Mai kamera ya yi dariya, ya ce, "Wannan dutsen Ayar ne, ba mutum ba."

Abin da ba su gane ba shi ne matar telan. Muddin babu wanda ya shaida mutuwar mijinta, ba za ta shiga takaba ba. Ba ta da miji, kuma ba a sake ta ba. Haka za ta tsufa tana kallon hanya. Na dubi kamera, na faɗi ƙauyensa, da sana'arsa, da tabon. Na ce duk wanda ya san shi ya neme ni.

An daɗe. Har na cire rai, sai ga Madam a wurin bulo da salula a hannu. An nuna sinimar a sansanin, wan telan ya gani, ga shi kan layi tare da matar. Wani ya yi mana tafinta. Matar tambaya ɗaya ta yi: "An yi masa salla?"

Na ce, "Ni na yi."

Ta ce Alhamdulillahi. Ranar ta shiga takaba.

Ban san ko manya sun canza doka ba. Abin da na koya shi ne, wanda ya tsira ba shi da ikon yin shiru. Ina nan Agadas, ina buga bulo, wanda ya tambaye ni ina faɗa masa.