Karan Gonar Kawu Sule

Shekara bakwai ke nan da muka rufe Kawu Sule a maƙabartar ƙauyenmu, kusa da Kaikai. An tsince shi da hantsi a bakin burtali, yana dawowa daga rugar da ya je neman sulhu. Har yau ba a san wanda ya harbe shi ba. Manoma sun ce makiyaya ne, makiyaya sun ce 'yan sa-kai ne, kuma duka ɓangarorin biyu sun zo gaisuwa.

Yayan mahaifiyata ne, manomi, mai koyar da karatun allo da rani. Tun ina yaro, in ya girbe dawa ba ya kwashe kara. Yakan bar shi a gona, wani makiyayi mai suna Buba ya sauka da shanunsa, su ci kara su bar taki, matarsa kuma ta riƙa aiko mana da nono. Haka kusan kowa yake yi a yankinmu.

Da na dawo daga jami'a da digirin aikin gona, sai na ga asara ce. Na shawarci mutane su tattara kara su yi kiwo da shi ko su kai kasuwar Kankia, gona kuma a zuba mata takin zamani. Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, mutum ba ya ɗaga makami a kan wanda zai buƙata baɗi." Ya ci gaba da barin nasa. Maƙwabta kuwa suka ji tawa.

Ba zan ce ni na jawo abin da ya biyo baya ba. Ina jin hakan zai zama ɗaukar kai da girma. Bindigogi daga wani wuri suka zo, talauci da zalunci kuma sun girme ni. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shanu suka zo suka tarar da gonaki a share, suka fara faɗa wa wake tun ba a yi roro ba. Aka sassari saniya, aka ƙona bukka. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni ina ofis a Katsina, Kawu ruwan ya doka.

Da Kawu zai dawo duniya yau, ban san me zai ce ba. Wataƙila ya tambayi inda Buba yake, kuma babu mai amsa. Wataƙila ya yi mamakin yaran da ya koya wa Fatiha, waɗanda ba su taɓa zama da makiyayi sun sha fura ba, amma sun san yadda ake ɗura bindiga.

Watan jiya matar Kawu ta kira ni, ta ce Lawal, babban ɗansu, ya shiga 'yan sa-kai, in je in hana shi. Taubashina ne, tare muka tashi. Na same shi a Kusada yana gyara babur.

"Malam Digiri," ya ce, "wata sabuwar shawarar ka kawo? Ta farko ma ba mu gama cin amfaninta ba."

Na haɗiye wannan. Na tambaye shi wa zai harba, tunda bai san wanda ya kashe mahaifinsa ba.

"Shi wanda ya harbi Baba ya tsaya tambayar sunansa?"

Na kawo aya, na kawo maganar 'ya'yansa uku. Ya ce in gaida gida. Bayan kwana huɗu suka shiga daji, kuma na ji an ce kafin su tashi sai da suka yi wa Kawu addu'a, suka rantse jininsa ba zai tafi a banza ba.

Na so in rubuta cewa haƙurinsa ne ya rage mana. Ina tsoron ƙarya ce. Abin da na ga ya rage shi ne sunansa, kuma da shi ɗansa ya fita neman ran wani. Allah Ya ji ƙanka, Kawu. Kullum matarka tana kira ta ji ko na samu Lawal a waya, ni kuwa ina ce mata babu sabis a dajin.