Goran da Hure Ta Fafe

Hure ba ta iya tuwo ba, wannan kowa a ƙauyen nan na gefen Kunci ya sani, har karnuka. Amma a ba ta ƙwarya da wuƙar da ta sha wuta, yanzu ka ga ƙadangare ya fito yana bin sawun zabuwa kamar zai sauko ya ruga. Amaryar da aka yi wa jere babu ƙwaryar Hure, to danginta ko dai matsiyata ne ko makafi. Ranar biki kuwa ita ke kife ƙwarya a ruwa ta doka, har masu ciwon gwiwa su manta da shi.

Asirin yana ga dumanta, wani iri mai kauri da ta gada wurin uwarta. Duk shekara takan ware gora ɗaya ba ta fafewa, ta zane shi ta rataye, irin baɗi na ciki. In hannu ya gaji sai ta sauko da shi ta kaɗa kamar caki.

Mijinta Tasi'u yakan ce, "Kin fi lallashin goran nan a kaina."

"Shi ai in na ce ya yi shiru yana yi, Malam."

Sai fari ya zo. Gero ya bushe a tsaye, biki ya ɗauke, wa zai sayi ƙwaryar da babu abin zubawa? Hure ta ƙi ba busasshiyar ƙasa irinta, ta bar shi a rataye. Aka ci tafasa, aka ci dusa, dusar ma ta ƙare. Tasi'u ya kwanta, ƙafa a kumbure.

Maƙwabciyarta Luba ta leƙo, ta dubi goran. "Yaya Hure, abinci ne fa rataye a kanki."

"Iri ne. Babu shi ko a kasuwar Shanono."

"To ki shuka Malam ɗin idan ruwa ya sauka."

Da hantsi Hure ta fafe goran, wuƙa ta raba ƙadangaren da ta zana a jikinsa biyu. Ta jiƙa 'ya'yan don rage ɗaci, ta soya, ta daka da ɗan gishiri. Ko ƙwaya ba ta ɓoye ba.

Tasi'u ya lasa, ya yamutsa fuska. "Shekara talatin ina haƙuri, yau girkinki ya ƙure. Ƙaro min." Da ya cinye ya ce, "Kaɗa mana goran nan mu ji."

Ya dubi igiyar da ke lilo ita kaɗai, ya juya fuska ga bango.

Kwana tara ya ƙara a duniya. Da rabin goran aka zuba masa ruwan wanka.

Damina ta dawo, Luba ta samo mata wani iri a kasuwa. Ya yi 'ya'ya kam, amma sirara, wuƙa na taɓawa ta huda. Uku Hure ta ɓata, ta soke wuƙar a jikin danga, can ta yi tsatsa.

Daga baya ta koma sayar da daddawa. Ita ma, Allah ya ji ƙanta, ba ta iya ba.