Ranar da Bibata Ta Shiga Jirgin Siddo

Duk wanda ya taɓa aurar da ƴa a Gaya ya san rumfar Bibata. Ko bai san sunanta ba, ya san muryarta. Tana layin masu atamfa, daura da rumfata ta takalma, kuma ƴar kawuna ce, don haka ni da ita ba gaisuwa muke yi da safe ba, tsiya muke yi wa juna. Ita ta ce mini Kan Tulu, ni in ce mata Hajiyar Tudu.

Bibata ba ta sayar da zanen da ba ta sani ba. Kafin turmi ya shigo rumfarta sai ta murza shi tsakanin yatsu, ta ɗaga shi ga rana, ta shinshina, wani lokaci har ta ɗan lasa gefensa kamar mai ɗanɗana miya. In ta ce miki wannan ba ya zuba, je ki wanke shi da sabulun da kika ga dama. Shi ya sa in ana neman ankon biki, daga garin Bana har Bengu, wurinta ake zuwa. Tun tana amarya take wannan sana'a. Ta hau mota, ta ƙetare gadar kogi zuwa kasuwar Malanbil da ke bayan iyaka, ta zaɓo da hannunta, ta dawo kafin la'asar. Da haka ta rufa wa tsohuwarta ɗaki da kwano, ta kai ƴaƴanta lekol, wato makarantar boko, har babbar ta zama ungozoma.

Sai dai akwai abin da dangi kaɗai suka sani: Bibata na tsoron ruwa. Ƴar masunta ce ta Tunuga, ubanta cikin jirgi ya tsufa, ƙannenta sun iya iyo kafin su iya gudu. Amma ita, tun ranar da dorina ta ɗago kai kusa da jirginsu ta yi mata hamma a fuska tana ƙarama, ba ta sake taka jirgi ba. Ko a kan gada, da zarar mota ta kai tsakiya, sai ka ga ta sunkuya tana neman wani abu cikin jaka wanda ba ta taɓa samu ba. Gadar nan ce ta rufa mata asiri shekara da shekaru.

To sai sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka rufe iyaka, aka tare gada. Kamiyoyi, manyan motocin kaya, suka tsaya har ciyawa ta tsiro ƙarƙashinsu. Mutane suka koma ga kogi kamar zamanin kakanni. Ƙanenta Siddo ya rataye taru, ya ɗora wa jirginsa inji, ya shiga ɗaukar fasinja. Ƴan layinmu kowa ya bi ruwa. Bibata ta ce ita gwiwa ke damunta.

Rumfa ta fara ramewa. A daidai lokacin nan ne Fatuma ta fito, matar wani malamin lekol, wadda ba ta da rumfa ba ta da benci, sai salula. Ƴan kasuwar ƙetare su turo mata foto ta Watsap, ita ta watsa wa mata, wadda ta ga abin da ya yi mata ta ce a kawo. Abin da ya fi ƙona wa Bibata rai, mata su zo rumfarta, su zauna kan bencinta, su sha ruwan randarta, sannan su haɗa kai suna kallon fotunan Fatuma. Ita kuwa sai ta yi ta kaɗe ƙurar da babu ita a kan ragowar turamenta.

Ana haka Kaltuma ta zo, ƙawarta tun ta ƴanmatanci, za ta aurar da ƴarta ta fari. Ta ce, "Ƙawa, ankon ƴata daga hannunki zai fito. Na gaya wa mata kada wadda ta nuna mini salula."

Bibata ta ce, "To, ƙawa." Da Kaltuma ta juya baya na ga Bibata ta dafe kai.

Da yamma ta lallaɓa gidan Fatuma, ta ce a koya mata abin. Fatuma, Allah ya sani, ba ta yi mata rowa ba. Suka kira Alhaji Halidu, wanda Bibata ta daɗe tana saye wurinsa a Malanbil, ya turo fotuna. Ta zaɓi wani shuɗi mai ƙananan kifaye ruwan zinari, jere-jere kamar ƙwayar kabewa. Ta ce wa Kaltuma an samu abu mai kyau, ba ta dai faɗi ta inda aka gan shi ba. Aka yi komande, wato odar kaya, Siddo ya ƙetaro da dila.

Ina nan aka kwance ta. Kaltuma ta zo da mata uku na kwamitin biki. Bibata ta yanke igiya, ta zaro turmi ɗaya, ta warware. Shuɗin dai shi ne. Sai ga wani ƙaton ido, ya kai faifai, yana kallonmu. Ta ƙara warwarewa, ga baki. Ta ƙara, ga ƙaya. Sai da zane ya kai bakin rumfata kafin wutsiya ta fito. Kifi ɗaya ne ya cinye zani guda.

Ni kuwa bakina ba ya iya azumi. Na ce, "Hajiyar Tudu, wannan ai giwan ruwa ne. Uwar amarya ta ɗauki kai, uwar ango ta ɗauki wutsiya, in an tashi rawa su jera a ga cikakken kifi."

Wata cikin matan ta ce, "Mai riga fa? Ido ɗaya za ta samu a ƙirji!"

Aka fashe da dariya, ban da Kaltuma. Ta dubi ƙawarta ta ce a hankali, "Bibata, kin taɓa shi da hannunki kafin ki saya?"

Da wata ce da ta ce kuskuren mai ɗauri ne. Bibata ta naɗe zanen, ta ce, "Ban taɓa ba. A foto na gani."

"To biki ya matso, teloli na jira. In gwiwar ba za ta bari ba, gaya mini yanzu in san inda zan nufa. Ba zan riƙe ki ba."

Wannan "ba zan riƙe ki ba" ta fi mari. Kowa a layin ya gane cewa in ankon Kaltuma ya fito daga wani hannu, an gama zuwa rumfar Bibata neman anko.

Ta kira Alhaji Halidu a gabanmu. Ya ce abin da ke foto shi ya aiko, amma saboda daɗewa zai karɓi kayansa. Sharaɗi ɗaya, ta zo da kanta ta zaɓa, don shi ba ya sake turo kaza a foto a ce masa jimina ya aiko. Ta kashe salula, ta daɗe tana kallon dilar. Sannan ta ce, "Kan Tulu, gobe ka rufe rumfar takalman nan da ba wanda ke saye. Kai za ka ɗaukar mini kaya."

Da safe muka isa bakin kogi, ni da ita da Fatuma, wadda ta ce za ta bi mu da salula don Kaltuma ta ga abin da za a zaɓa. Siddo na hango yayarsa ya saki igiyar da ke hannunsa.

"Yaya, ke ce ko aljanarki?"

"Rufe mini baki, ka kawo hannu."

Ba ta hau kan katakon zama ba. Ta sauka can ƙasan jirgi, tsakanin buhunan albasa da wani moto mai ƙafa biyu da aka kwantar, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta damƙe mini idon sawu da hannu biyu. Ta fara karanta duk abin da ta sani, har da addu'ar shiga kasuwa. Can ta ce daga cikin mayafi, "Yakuba, mun kusa?"

Na ce, "Ba a ma kunce jirgin ba."

Da inji ya tashi, na tabbata har yau akwai shatar farcenta a ƙafata. Wata tsohuwa mai kaji a kwando ta tambaye ni ko marar lafiya za mu kai likita. Siddo ya ce daga bayan jirgi, "A'a, Inna, ƴar babban masunci ce, barci take." A rayuwata ban taɓa jin an tsokani Bibata ta ƙyale ba sai ranar.

Da ƙafarta ta taka ƙasar Malanbil sai da na riƙe ta, gwiwoyin da ta daɗe tana yi wa ƙarya suka soma rawa da gaske. Ta tsaya, ta gyara ɗaurin kallabi, ta tofar da yawu. Daga nan kuma ni da Fatuma gudu-gudu muke bin ta.

Alhaji Halidu ya nuna mana yadda aka yi. Ya shanya zanen a bangon shago, ya ƙetare titi, ya ɗauki foton daga can don ya fito duka. Bibata ta ce, "Alhaji, da ka ƙara ja da baya kaɗan ai da daga Gaya ma na gan shi da idona." Sai ta shiga cikin kaya. Ta murza wannan ta ajiye, ta ɗaga wancan ga haske ta yamutsa fuska, ta sa aka sauko da na can sama da Alhaji ke cewa ba na sayarwa ba ne. Fatuma ta tsaya baki buɗe. Ta ce mini ita tunda take sayar da zane ba ta taɓa sanin ana shinshina shi ba. Daga ƙarshe Bibata ta tsaya kan wani kore mai furanni ruwan goro, ta lasa gefensa, ta ce shi ne.

Fatuma ta kira Kaltuma ta nuna mata. Muna jin muryarta tana tsinkewa saboda raunin rezo na waya: "Furen nan, yaya girmansa? Ƙawa, ɗora hannunki a kai in gani." Bibata ta shimfiɗa hannunta mai zoben azurfa kan zanen, fure uku suka ɓuya ƙarƙashinsa. Kaltuma ta rangaɗa guɗa har ƴan shagon maƙwabta suka leƙo.

A dawowa iska ta taso, ruwa ya fara tsalle yana shigowa jirgi. Na miƙa ƙafata don a damƙa, sai na ga ba wanda ya damƙa. Bibata ta cire mayafinta ta lulluɓe dila, ta kwanta a kai da ƙirjinta, ido buɗe, tana kallon igiyar ruwa ɗaya bayan ɗaya.

"Siddo! Karkata hancin jirgin nan! Wallahi ɗigo ɗaya ya taɓa ankon Kaltuma sai na gaya wa matarka inda kake cin tuwon rana!"

Ta fizge gwangwanin kwalfa daga hannun wani fasinja, ta shiga zubar da ruwa da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da kaya. Fuskarta ta yi fari fat, amma ba ta rufe ido ba har muka taɓa gaɓa. Ta sauka, ta duba dilar ta ko'ina, ta ga a bushe take. Sannan ta zagaya bayan wani amalanke ta yi amai cikin mutunci, ta dawo ta ce in ɗauki kaya.

Ranar bikin unguwa ta zama kore shar. Da makaɗa suka ɗauka, Kaltuma ta jawo Bibata tsakiyar fili ta ɗaga hannunta sama, ta ce wa mata, "Wannan hannun ne ya zaɓo muku, kuma ta ruwa ya je." Ni da nake gefe ina neman abin tsokana, ban samu ba.

Yanzu duk ranar kasuwa tana ƙetarewa, Fatuma na biye da ita. Kowane foto da ke yawo a salular matan Gaya, in ka ga wani hannu mai zoben azurfa a shimfiɗe kan zane, to an murza shi an shinshina. Wadda ba ta yarda ba ta zo rumfa ta taɓa da kanta, benci na nan.

Kwanan baya na gan ta tana ɗaure jaka za ta bakin kogi, na ce, "Ƴar kawu, tsoron ya tafi ke nan?"

Ta ce, "Ya tafi ina? Tare muke shiga jirgin, shi ya zauna gefe, ni in riƙe kaya. Janye mini takalman nan naka daga hanya, masu saye na zuwa."