Awar da Malama Zane Ta Yi Ta Ba da Aro

Duk makarantar babu mai kiranta da sunanta na yanka. Malama Zane ake ce mata saboda darasin zane-zane da take koyarwa, daga shugaba har mai gadi, ita kuwa ba ta taɓa jin haushin sunan ba, don da guminta ta same shi.

Mahaifinta mai rubuta allunan shaguna ne, mutum mai tsananin da ba ya yi wa aiki uzuri. Tana ƙarama yakan ajiye kwaɗon ƙofa a gabanta ya ce ta zana. Kafin ya juya ta gama, ta miƙa masa tana jiran yabo. Sai ya duba ya ce, "Wannan kwaɗon da ke cikin kanki ne. Nawa yana da tsatsa a gefe, bakinsa kuma a karkace yake. Sake duba." Da haka ta tashi, da haka kuma ta shiga koyarwa, tana da yaƙinin cewa yawancin mutane kallo kawai suke yi, ba sa gani.

Kada wani ya ɗauka tana gaba da sauran darussa. Ita ce ma take gaya wa ɗalibai cewa lissafi yana koya musu bin abu daki-daki har su kai ƙarshensa, harshe yana ba su bakin faɗin abin da ke ransu, tarihi yana hana a raina musu hankali da tsohuwar ƙarya. Nata darasin kuwa ido yake gyarawa. Yaron da ya iya zama ya ƙura wa abu ido har ya ga inda ya tsage, ko makaniki ya zama ko likita, ba zai yi aikin gaggawa ba.

To amma makarantar tana da wata ɗabi'a mai ban takaici, wai ita aron awa. Da jarrabawa ta ƙarato sai ka ga malamin lissafi a bakin aji, alli a hannu, murmushi har kunne.

"Malama, a taimaka mana da awar nan mana, muna baya sosai. Zan rama miki."

"Ba komai, Malam," in ji ta, ta tattara takardunta ta fita.

Bai taɓa ramawa ba, ko sau ɗaya. Da malamar kimiyya ta ga ƙofa a buɗe ita ma ta bi sahu. Daga nan abin ya zama gayya. In za a share harabar makaranta, awar zane. In baƙi za su zo a jera kujeru, awar zane. Hatta ranar da aka yi wa yara aski na dole, a awarta aka yi. Ita kuwa kunya da son zaman lafiya sun ɗaure mata baki, shekara da shekaru tana cewa ba komai, alhali ranta yana tafasa.

Ana cikin haka shugaban makaranta ya tara malamai a ofis ya karanta sabon tsari. Daga baɗi za a cire zane daga jadawali, a ƙara wa lissafi lokaci, sai dai in kwamitin iyaye ya ga aikin ɗalibai a ƙarshen zango ya gamsu cewa darasin yana da amfani.

Malama Zane ta miƙe. "Ranka ya daɗe, wane aiki zan nuna? Yaushe aka bar ni na koyar?"

Shugaba ya cire tabarau ya dube ta cikin natsuwar da ta fi zagi ciwo. "Malama, ai ba wanda ya ƙwace miki. Ke kike bayarwa da hannunki. Mu kuma muka ga tunda mai darasin ba ta damu ba, yaran ma ba su rasa komai ba."

Ta juya ta nemi idon malamin lissafi. Bawan Allah ya duƙufa yana goge allin da ke hannun rigarsa kamar ranar ya fara ganinsa. Wato kirkin da ta yi musu shi suka tattara suka kafa hujja da shi a kanta. Wannan rashin ta-ido har ina!

A gida maigidanta, wanda direban babbar mota ne, ya so ya kwantar mata da hankali, sai ya ƙara hura wutar. "Ke kuwa mene ne na tayar da jijiyar wuya? Ɗakin littattafai za su mayar da ke, ki zauna a inuwa ki huta."

"Hutu na ce maka ina nema?" ta ce. "In aka karɓe motarka aka ce ka zauna kana gadin taya, sai ka yi godiya?"

'Yarsu ta fari, wadda take ajin ƙarshe a makarantar, tana gefe a kan tabarma tana fama da lissafi, ba ta ɗaga kai ba.

Ranar da awarta ta zagayo a ajin ƙarshe, Malama Zane ta shigo da wani tsohon takalmi mai ɓulallen gaba ta ɗora a kan tebur, ta raba farar takarda. Ta ƙudura a ranta daga yau ko minti ɗaya ba za ta sake bayarwa ba. Ba ta gama rabon ba sai ga malamin lissafi a bakin ƙofa da murmushinsa.

"Malama, a taimaka..."

"Ba zan bayar ba."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa ya rasa inda zai nufa. "Haba Malama, yaran nan jarrabawar fita za su rubuta."

"Na sani. Awata ce. In lokacinka bai ishe ka ba, je ka roƙi shugaba ya ba ka nasa."

Ta tura ƙofa ta rufe, har allo ya girgiza. Wani daɗi ya ratsa ta wanda ta daɗe ba ta ji irinsa ba. Ta juya ga ajin ta ce su dubi takalmin da kyau, su lura da inda mai shi yake taka ƙasa da ƙarfi, kada kowa ya sa fensir a takarda sai ya gani.

Ajin ya yi tsit, amma ba irin shirun da take so ba. Ta bi layi tana dubawa. Takardun fari fat, kuma a ƙarƙashin kusan kowace akwai littafin lissafi a buɗe. Sai ta ji an ja kujera. 'Yarta ce ta miƙe, yarinyar da ba ta taɓa kiranta da komai a cikin aji ba sai Malama.

"Mama," ta ce, "don Allah ki bar shi ya shigo. Ba za a tambaye mu zane a jarrabawa ba. In muka faɗi lissafi, shi ke nan mun tashi a banza."

Ba wanda ya yi dariya. Malama Zane ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kallon da aka koya mata tun tana ƙarama, ta ga babu raini a ciki ko kaɗan. Tsoro ne zalla. Fushi ya taso mata, ba da yaran ba, da waɗanda suka cusa musu cewa duk abin da ba a ba shi maki ɓata lokaci ne. Abin da ya fi ƙona mata rai kuwa, da ita aka koya musu wannan karatun, duk ranar da suka ga ta kwashe takardunta ta ba da wuri.

Ta san in ta buɗe ƙofar nan babu abin da za ta kai gaban iyaye. Ta ɗauki takalmin, ta buɗe. Malamin lissafi yana nan tsaye inda ta bar shi, ya matsa mata ta wuce.

Ba ta yi nisa a baranda ba ta jiyo ajin ya saki ajiyar zuciya gaba ɗaya, ana ta jan kujeru ana gyara zama, har da muryar 'yarta a cikin masu gaishe shi.