Inda Manu Ya Yi Murmushi

Manu ɗan makiyaya ne daga wata ruga a bayan Shagari, kuma tun yana yaro ba a taɓa jin ya ce wayyo ba. Saniya ta taka shi, bai ce ba. Ranar da ya shiga sharo aka zuba masa bulala har fatar ƙirjinsa ta fashe, murmushi ya yi ta yi, mata suna guɗa. Haka aka raine shi, kuka da ciwo abin kunya ne.

Gudu kuwa a bayan maraƙi ya koye shi, ba takalmi, a kan rairayi. Faruk, malamin wasanni a Bodinga, shi ya gan shi ya ce wannan ƙafa ta wuce kiwo. Ya saya masa kambas, ya ɗora shi a kan kwalta. Da aka sa ranar zaɓen 'yan tseren jiha, Manu ya ninka gudunsa, safe da yamma, ba hutu.

Ciwon ya fara ne a ƙwaurin hagu. Da farko sai ya yi nisa yake jinsa. Daga baya tun takun farko. Yanzu ko zaman tahiya ya yi, ƙashin sai ya riƙa zogi. Ya shafa man shanu, ya ja bakinsa ya yi gum. Tsoro yake ji sosai, amma wa zai gaya wa?

Faruk ne ya ga yana ɗan karkacewa, ya tisa ƙeyarsa zuwa asibiti ana jibi zaɓe. Malama Hauwa'u, jami'ar lafiya, ta sa shi ya miƙe ƙafa a kan gado.

"In tsoka ta, zahin bazuwa shikai, hutu kaɗan ya isa," in ji ta. "In ko wuri guda na, wanda yatsa ka ruhewa, to ƙashi na ya hwara tsagewa. Ka yi gudu bisa shi, shina iya ɓallewa. Ina kaka jin zahi?"

"Ba ni jin komi, Malama."

Ta fara danna ƙashin da babban yatsa tun daga ƙasan gwiwa, tana gangarowa a hankali. Nan fa? Babu. Nan? Babu. Faruk har ya fara sakin fuska. Manu kuwa yana kallon yatsan yana matsowa, gumi na bin bayansa. Da ya sauka a tsakiyar ƙwaurin, sai ya ji kamar an kafa masa ƙusa. Jikinsa ya yi abin da aka koya masa, ya yi murmushi.

"Babu," ya ce.

Ta wuce har idon sawu, sannan ta dawo ta sake danna wurin. Haƙoran suka sake bayyana. Ta ɗago ta dube shi, ta dubi tabon bulala da ya leƙo ta wuyan rigarsa.

"Ɗan'uwa, ka yi sharo ko? Tun da ka shigo ba ka yi hwara'a ba sai nan. Ga ɗan kumburi ma. Za ni tura ka Sakkwato a yi hoto, kodayake sabuwar tsagewa ba kullum taka hitowa ba. Ni dai ban iya ɗaure ka. In ka ce lahiya kake, jibi ka tai ka yi gudunka."

Faruk ya sunkuyar da kai. Manu ya tuna wata bakwai da ya yi a kan kwalta, ya tuna shanun da ba a iya bin su da sandar guragu a hammata. Yatsanta yana nan a wurin, ba ta ɗauke ba.

Murmushin ya gushe. Muryar da ta fito da ƙyar aka ji ta.

"Malama, akwai zahi."