Ranar da Na Kira Surukina da Sunansa

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ranar da na gyara wa surukina mota a bakin kogi ba za ta bi sahu ba.

Ni rewaya ne a Bagudo, aikina wayoyin mota. Surukina kuwa dillalin bandar kifi ne, yana kai kaya har bakin iyakar Benin. A shekarun da Shari'a ta zauna da gindinta a wajenmu ya sayo wata jif daga Kwatano, irin wadda ke da na'urar hana taya zamewa. Idan ƙafa ɗaya ta fara sulɓi a laka, wani ɗan injin lantarki ne ke tura man birki ya kama ta. Tun da ya saye ta bai taɓa kawo mini ita ba. Tsakaninmu kunya ce ta gaske, idan na hango shi sai in sake hanya.

Wata safiya da damina matata ta ce Baba na nemana a gaɓa, motar na nishi. Na tarar an loda kwandunan kifi, mota a kashe, makulli a hannunsa, amma gabanta sai gurnani yake kamar tsohon da ya ci wake. Batir ya kusa mutuwa, hadari na haɗowa, kifi kuma ba ya son ruwa.

Tare da shi akwai wani amininsa da nake kira Kawu, mutum mai surutu. Shi aka naɗa tafinta, alhali ni da Baba ko taku biyu babu tsakaninmu. Kawu ya sa aka ɗan murɗa makulli, ya nuna mini wata fitila a gaban sitiyari, hoton mota tana tangaɗi.

"Ka gani ko? Motag ga buguwa ta yi. Da mutum ce da ta sha bulala."

Na buɗe gaba, na zare fis ɗin ɗan injin birkin, nan take gurnani ya tsaya. Na cire filoginsa, sai ga ruwa ya yi tsanwa a ciki. Abin da ke ba shi wuta ya maƙale, shi ya sa ba ya mutuwa ko an kashe mota. Kaina a ƙasa na ce, "Kawu, a tambayi Baba ko ana wanke injin da ruwa."

Kawu ya juya. "Yaro ya ce kai ka kashe ta da wanka."

"Hwaɗa mai kullum Juma'a nika mata wanka da guga," in ji Baba, yana kallon kogi. "Ƙarnin kihi na shiga ko'ina."

Na busar da filogin, na goge tsatsar, na ɗan bubbuga akwatin ɗan injin har abin da ya maƙale ya saki. Na mayar da fis, shiru. Amma da na murɗa makulli fitilar ta ƙi mutuwa, sai na san akwai saura a ƙafa. Wurin gangare ne, don haka na sa dutse a gaban taya, na roƙi Kawu ya roƙi Baba ya shiga ya murɗa makulli ya riƙa duba fitilar. Na kwanta na shige ƙarƙashi. A ƙafar baya na ga wayar da ke ƙirga juyawar taya, ɓera ya ci ta saura ƙiris. Motar da ke kwana da kifi, ai dole ta yi baƙi.

Ina cikin haɗa wayar, ashe Kawu ya gaji da tsayuwa. Ya duba ya ga dutse mai kyau a gindin taya, ya jawo abinsa ya zauna. Baba kuma a ciki yana ta taɓe-taɓe har ya fitar da giya. Sai na ga cikin motar yana tafiya a kan fuskata, taya na nufo kafaɗata.

"Kawu, a ce wa Baba ya taka birki!"

"Mi ka ce?"

A nan kunya ta ƙare. Na buɗe maƙogwaro na kira surukina da sunansa na yanka, tsirara, ko Alhaji ban sa ba. "Taka birki! Birki na ce, kurma ne kai?"

Motar ta tsaya cak, taya na danne da hannun rigata. Na fito jikina duk laka, ina fatan ƙasa ta tsage. Masunta sun bar komarsu suna kallo. Kawu ya miƙe a hankali ya mayar da dutsen, kamar ba shi ba.

Baba ya sauko. Ya kalle ni ido da ido, abin da bai taɓa yi ba, ya shafa kafaɗata ya tabbatar tana nan. Sannan ya ce, "Ashe ka san sunana."

Kowa ya fashe da dariya, har shi. Na koma na ƙarasa wayar, fitila ta mutu, ya kai kifinsa iyaka kafin ruwa ya sauko. Matata kuwa ta daɗe tana ba ni tuwo ba magana.

Abin da na koya shi ne kunya ado ce a zaure da wajen biki. Idan kana kwance ƙarƙashin mota, ka yi magana da wanda ƙafarsa ke kan birki, ko da uban matarka ne.