Sai Yaya Ishaq Ya Ce

Isam bai taɓa sayen ko takalmi da ra'ayin kansa ba. Ba dolo ba ne, yaro ne mai kai, amma a gidansu na Omdurman haka aka tashi: ƙarami ba ya yanke magana sai babba ya sa baki. Da mahaifinsu ya rasu, maganar gida ta koma hannun yayansa Ishaq. Shi ya ga yadda Isam ke tsere wa sa'o'insa a bakin kogi, ya ce, "Kai ilimin wasanni za ka karanta." Isam ya ce to. Ya kuwa so karatun kamar ransa.

Da yaƙi ya ci garin, Ishaq ya sa shi a mota tare da mahaifiyarsu Fatna zuwa Masar, shi ya tsaya gadin gida. Suka kama ɗaki a unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira, irin wanda rana ba ta leƙa shi sai ta ga dama. Isam ya ci gaba da karatu a wata jami'a a Giza. Kullum yana matse a mikrobas, ƙaramar bas ta haya, jakar kayan gudu a cinya, waya a hannu. Darasin da zai ɗauka, abokin da zai kama, kai har aski, sai ya tura wa Ishaq saƙon murya ya jira amsa.

Shekarar ƙarshe ita ce mai cin rai. Ɗan ƙasa ma yakan gama digirin wasanni ya ƙare da goge ƙarafan motsa jiki a ƙarƙashin wani bene, balle baƙo ɗan gudun hijira. Kowa a ajin da irin nasa faman. Wata Reem takan yanke shawara kamar mai zaɓen tumatir, ta ɗauka ta wuce, in ya ruɓe ta jefar. Wasu su yi ta auna riba da hasara har su rame. Isam kuwa a ciki abin ya kama shi, gyambon ciki ya hana shi cin abinci.

Bayan ƙaramar salla, Kabtin Hussain mai horar da su, mutum mai faɗa amma mai tausayi, ya ja shi gefen fili.

"Akwai ƙaramin kulob a Aswan, suna neman mai kula da ƙarfin jikin 'yan wasa. Na ba da sunanka, kuma ba ruwansu da cewa kai baƙo ne. Yalla, me ka ce?"

"Kabtin, bari in ji daga yayana."

"Yayanka ne zai yi aikin?"

Isam ya sunkuyar da kai. Wallahi yana son aikin nan, so mai tsanani. Shi ne hanyar da zai fitar da uwarsa daga ɗakin nan mai danshi. Sai dai wayar Ishaq ta daɗe ba ta shiga, an ce babu sabis a unguwar. Ya tura saƙo, ya sake turawa, ko ɗaya bai isa ba.

Ya tambayi uwarsa, "Inna, me kika gani?"

Ta ce, "A gidanmu ba a tsallake babba. Ka jira yayanka."

Ya yi istihara, zuciyarsa ta karkata Aswan ƙarara, ba ko tantama. Duk da haka bakinsa ya kasa furta kalma ɗaya tak. Abin haushi, ya san amsar, ya ma san Ishaq cewa zai yi je ka. Amma sani daban, jin muryar daban.

Kabtin ya yi haƙuri har ya wuce lokacin da ya ɗiba. Ran nan ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Khalas, shi ke nan, ya Isam. Na ba wani. Ma'alish, ka yi haƙuri."

Ba a jima ba wani maƙwabcinsu na Omdurman, Ubaida, ya iso Alƙahira a galabaice, ya nemi ɗakinsu. Ya zauna a bakin ƙofa, ya kasa shan shayin da aka ba shi. Amai da gudawa ne suka ɗauke Ishaq, in ji shi, tun kafin azumi. A tsakar gidan da ya tsaya gadi suka binne shi, don ba a iya kaiwa maƙabarta.

Tun kafin azumi. Wato ranar da Kabtin ya ja Isam gefen fili, wanda yake jiran izininsa ya daɗe a ƙasa.

Da masu ta'aziyya suka watse, Fatna ta goge ido da bakin mayafi, ta dubi Isam irin duban da take yi wa Ishaq.

"Yanzu kai ne babba. Mu zauna a nan, ko mu koma kusa da kabarinsa? Abin da ka ce shi za a yi."

Isam ya dube ta. Sai ya ga hannunsa ya riga ya shiga aljihu, yana laluben waya.